Ranar da rake ya ɓalle mini haƙori

Daren Asabar, bayan isha'i.

Harshena ya ƙi barin wajen. Tun da na dawo gida nake kai shi kan haƙorin ina lalube, ina neman inda aka haɗa, har yanzu ban ji gurbin ba.

Da hantsi abin ya faru. Muna zaune a ƙofar gida ni da maƙwabcina muna shan rana, mai rake ya turo baronsa ya ce na Maƙarfi ne. Muka sayi sanda ɗaya aka datsa mana. Tun ina yaro da haƙori nake ɓare rake, kamar kowa a unguwarmu. Na kama kusa da gaɓa na fizga, sai na ji ƙas. Na ɗauka raken ne. Sai da iskar hunturu ta shiga bakina, wani tsami ya soke ni har cikin hanci, sannan na tofa a tafin hannu. Ga ɓallin haƙori fari, kamar rabin ƙwayar masara. Na sama ne, na gaba, gefen hagu, kusurwarsa ta tafi.

Kafin na miƙe tsaye shawara ta taru a kaina. Maƙwabcina ya ce a daka kanumfari a danna. Wannan na san yana kashe zogi na ɗan lokaci, amma ba ya mayar da abin da ya karye. Wani mai gyaran babur da ke layinmu ya ce a ɗiga ruwan batir a auduga, wai nan take jijiyar za ta mutu. Da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ba ni tsoro, don ruwan batir asid ne, fata ma yana ci balle dasashi. Inna kuwa da ta leƙa bakina cewa ta yi, "Ɗan nan, je ka a cire maka ka huta."

Maganar Inna ta tsaya mini a rai. Cikakken mutum haƙora 32 gare shi. Nata da suka rage ba su fi goma ba, kuma duk wanda ya tafi ta hanya ɗaya ya bi: ya yi ciwo, a yi ta dannar magani, fuska ta kumbura, a je a cire. Yau goro sai ta goga a magogi, naman Sallah kuwa romon kawai take sha.

Na kira ƙanwata da ke aikin jinya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Yaya, ina guntun? Kada ka bari ya bushe. Jefa shi cikin madara yanzun nan." Ta ce in kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, in sha farasitamol, kada kuma in yarda kowa ya danna mini asfirin a dasashi don ƙona naman yake yi. "Kuma yau za ka je, Yaya, ba Litinin ba." Uwargida ta wanke wata 'yar kwalba ta zuba madara, muka jefa shi ciki.

Na hau keke Napep daga Ƙofar Doka, nan Zariya, muka ratsa Tudun Wada, muka haye Kubanni muka faɗa PZ. Duk hanyar bakina a rufe da hankici saboda iska, ɗaya hannun riƙe da kwalba a aljihu. Na yi tunanin wucewa asibitin koyarwa na Shika, amma da nisa, ga rana ta yi, sai na sauka wani ƙaramin asibitin haƙori a Sabon Gari.

A bencin jira na tarar da wani bawan Allah da ɗansa, yaron bai wuce shekara 10 ba, leɓensa a kumbure. Jiya da yamma ya faɗi a wajen ƙwallo, haƙorin gaba ya fita gaba ɗaya har saiwa. Uban ya wanke shi tas da sabulu, ya naɗe a takarda, ya kwana da shi a aljihu. Ina ji ma'aikaciyar tana yi masa bayani a hankali. Ta ce haƙorin da ya fita da saiwarsa ana iya mayar da shi ya kama, in an zo cikin sa'a ɗaya, an riƙe shi ta kai ba ta saiwa ba, ba a kankare shi ba, an kuma sa shi a madara. In ya bushe ya kwana, abin da ke jikin saiwar ya mutu. Haƙorin nono ne kaɗai ba a mayarwa, wannan kuwa na girma ne. Mutumin ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Wallahi da na sani, da a daren na kawo shi." Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Ni ma da safiyar yau ban sani ba, ga shi ni malamin makaranta ne, kullum yara suna faɗuwa a gabana.

Da aka kira ni, likita ya haska fitila, ya ɗan ƙwanƙwasa haƙorin, ya taɓa shi da abu mai sanyi na zabura. Ya ce, "Malam, wannan zaburar alheri ce, jijiyar da ranta." Ya zana mini a takarda cewa haƙori hawa uku ne. Farin ɓawon waje ya fi komai tauri a jikin mutum, ya fi ƙashi, sai dai ƙashi yana haɗewa, shi ba ya sake tsirowa. Ƙarƙashinsa akwai wani mai ɗan ruwan ɗorawa da ƙananan ƙofofi, ta nan sanyi ke bi. Can ciki kuma jijiya da jini. Nawa ya tsaya a hawa na biyu. Da ya ga ɗigon ja a wajen karayar, da magana ta koma wanke jijiya, aiki mai tsawo da tsada. Aka ɗauki hoto, saiwar lafiya lau.

Na miƙa kwalbar. Ya ciro guntun ya gwada, ya zauna daram. Ya shafa wani magani, ya wanke, ya sa gam ɗinsu da farin ciko, ya haska wata shuɗiyar fitila har abin ya daskare, sannan ya goge. Da ya ba ni madubi sai da na yi hamdala a fili. Ya gargaɗe ni kada in ƙara gatsa abu mai tauri da shi, in kuma dawo da sauri idan ya fara duhu ko zogi, don jijiya takan mutu daga baya. Kuɗin ya taɓa cefanen gida sosai, ba zan ɓoye ba, amma na biya ban ji haushi ba. Da na fito uban da yaron sun tafi. Na so in samu yaron in ce masa sannu.

Bayan magariba Inna ta sa na buɗe baki ta haska da tocilan, ta duba ta sake dubawa. Ragowar raken uwargida ta fere shi da wuƙa, ta yanka ƙanana ta zuba wa yara a faranti. Har na kai ƙofa Inna ta kira ni. Ta ce, "Wannan likitan naka, 'yan waɗannan da suka rage mini, zai iya duba su?" Na ce mata Litinin in Allah ya kai mu, da na taso daga makaranta.