Daga Beljiyam zuwa ga masu kwarashi na Tawa

Assalamu alaikum ƴan'uwana mata. Ina kwananku, ya ɗari, ya yara? A gaida mini mutanen kasuwar Lahadi.

Nan Beljiyam in Disamba ta kama, kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufa, ga yayyafi ba ƙaƙƙautawa. Zaman ɗaki ne ya maida ni ga kwarashin da na jefar tun ina ƴar lakwal. Inna ce ta koya mini a tsakar gida, kuma kun san koyarwar tamu: zauna nan, kalli hannuna, in kin ɓata a warware. Ba takarda, ba ƙidaya. Akwai wata saƙar bakin mayafi da take yi mai kama da sawun zabuwa. Da Allah ya yi mata rasuwa mun juya wadda ta bari har mun gaji, ba wadda ta gano bakin zaren.

Bara ƙanwata ta haihu, na ce bari in yi wa jinjiri hula. Na samo bayani cikin Turanci a intanet, na bi shi tiryan-tiryan dare uku. Da na gama sai ga hular da ko uban yaron ya sa sai ta rufe masa kunne. Wata tsohuwa da muke haɗuwa wurin saƙa ranar Talata ta yi dariya har da hawaye. Ashe sunan da mutanen Ingila suke ba gajeren ɗauri, shi Amurkawa suke ba dogo. Bayanin na Ingila ne, ni ko na karanta shi da idon Amurka.

Ita ce ta ce in rabu da surutun rubutaccen bayani in koyi zanen alamomin saƙa, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami yau. Alamomin ba su da yawa. Ɗan ƙwai a kwance sarƙa ce. Ɗigo baƙi shi ne zargewar da ake rufe layi da ita. Gicciye gajeren ɗauri ne. T tsirara matsakaici, T mai sanda ɗaya a ciki dogo, wanda masu Faransanci ke ce wa bride, mai sanda biyu kuma ya fi shi tsawo. Da waɗannan na buɗe littafin Japan, ban san ko harafi ɗaya nasu ba, na saƙa ɗan zomo irin ƴan tsanar da suke kira amigurumi. Wadda ba ta taɓa shiga aji ba ma za ta karanta, tunda ido ne aikin.

Ga lissafin hular da ya ba ni kunya. In da gajeren ɗauri za ki yi da'ira, fara da 6, layi na biyu 12, sai 18, sai 24, kina ƙara shida shida. In da dogo ne, 12 za ki fara, ki riƙa ƙara 12. Ta lanƙwashe kamar ƙoƙo tun ba ki so ba, ƙarin ya yi kaɗan. Ta yi tattara kamar ganyen salak, ya yi yawa. Kan jariri sabon haihuwa wajen santimita 34 ne, saboda haka da'irar ta kai faɗin 10 zuwa 11 sai ki daina ƙari, ki gangara.

Ulun roban nan mai ƙyalli kuwa, a bar shi ga hunturu. Wa zai naɗe jinjiri da shi a zafin Afrilu na Adar, sai ƙuraje. Zaren auduga da kwarashi mai milimita 3 ya fi. Mai koyo da ba ta da kuɗin zare ta yanka leda siri-siri ta ƙulla. A Gambiya, Isatou Ceesay da matan ƙauyen Njau tun 1997 suke saƙa ƴan jakunkuna da ita suna sayarwa.

Roƙona, kowace ta samu littafin rubutu na yara, ta zauna gaban tsohuwar da ta iya, ta zana abin da hannunta ke yi layi layi. In kuma akwai wadda ta san sawun zabuwar nan ta Inna, don Allah ta ɗauki hotonta gaba da baya, kusa-kusa yadda zan iya ƙirga ɗaurin, ta ba ƙanwata ta turo mini ta WhatsApp.

Taku,
wata Ba'adara a Beljiyam