Abin da koyar da ƴan aji ɗaya ya koya min game da karatu

Duk wanda ya taɓa riƙe aji ɗaya a firamare ya san wannan abin: ka rubuta ba be bi bo bu a allo, yara su ɗauka da ƙarfi har a bakin titi ana jin su, hedimasta ya wuce yana jin daɗi, amma ka kira yaro ɗaya ka nuna masa "bo" ita kaɗai ka ce mene ne wannan sai ya tsaya yana kallon ka. Haddace waƙar ya yi. Ni dai a shekarun da na yi ina koyarwa a nan cikin garin Bauchi babban abin da na gane shi ne sai harafi ya shiga hannun yaro kafin ya zauna a kansa.

Kuma ba sai an kashe kuɗi ba wallahi. Murfin kwalbar lemo nake sa yara su tsinto min, in wanke in rubuta gaɓa ɗaya a cikin kowanne da alƙalamin maka, irin su ba, ka, ra, ma, ta, sai in raba su rukuni rukuni a kan tabarma in zuba musu su haɗa kalma da kansu, kafin ka ce me wani ya haɗa kara wani mata wani rama, wata ta juya murafun ta ga rama ta koma mara, ta yi ihu tana "Malama zo ki gani!" To wannan yarinyar ta karanta, ba wanda ya faɗa mata. Inda suke cijewa shi ne gaɓa mai rufe da baƙi irin "bar" a tabarma ko "lam" a malam, wannan sai an bi a hankali, ina barin sa sai zango na biyu.

Sautin harafi nake fara koya musu, sunansa na ABCD ya jira tukuna, don yaron da ya san B da "bi", A da "e", in ya ga ba sai ya ce "bi-e". Littattafan Mu Karanta da shirin tallafa wa ilimin firamare na NEI Plus ya kawo makarantun Bauchi da Sakkwato ma ta sauti da gaɓa suke bi, da Hausa, kuma na ga amfaninsu, sai dai littafi ba ya isar kowa a aji mai cunkoso irin namu.

Masu ƙugiya kuwa, ɓ ɗ ƙ, waje muke fita. Kowa ya share gabansa ya zana a yashi da yatsa, kafa da ƙafa, baki da baƙi, yana zanawa yana furtawa, in ya ɓata ya shafe ya sake ba mai jan biro a kansa. Wani lokacin da yumɓu suke murza harafin mu shanya a rana, ko su karya karan dawa su jera.

Ran Juma'a tatsuniya ce, in ce ga ta nan ga ta nanku su ce ta zo mu ji ta, in na kai tsakiya sai in tsaya in rubuta Gizo a allo in ce wa zai nemo min "zo" a cikin murafu. Iyaye dan Allah ku ma ku gwada a gida, kwalin ashana ko na shayi ya isa, ku ce yaro ya nuna muku harafi ɗaya da ya sani a jikin kwalin.