Ranar da na buɗe adakar Inna

Asabar, Garwa.

Da alama ruwan bana ya ɗauke. Kwana goma sha biyu ke nan ko yayyafi ba mu gani ba, kuma da asuba iskar nan mai busar da leɓe ta fara leƙowa. Tun daren jiya na faɗa wa Malam yau ba ni zuwa ko'ina, ko biki ko suna, ƙyallayena zan fitar su sha iska. Ya ce Allah ya taimaka, ya kama mini muka jawo buhunan daga ƙuryar ɗaki kafin ya fita kasuwa.

Buhu biyu, kwali uku, kwalla ɗaya, sai adakar Inna da na ce a bar ta a inda take tukuna. Ina kwance bakin buhun farko warin funfuna ya buge ni. Duk wanda ya yi damina a garin nan ya san halinta, ga zafi ga laima, mu da muke kusa da Binuwai kuwa har bango sai ya yi gumi. Raina ya ɓaci, don shekara huɗu na yi ina tara waɗannan ƙyallaye. Wasu telan bakin layinmu ke ajiye mini in ba shi na goro, wasu ragowar ankon biki ne, wasu ƴan'uwa ke aiko mini tun da suka ji na koma ɗinkin bargon haɗe-haɗe. Mutane na ganin tsumma ne. Ni na san abin da ke fita daga cikinsu idan aka yanka su daidai aka jera.

Na shimfiɗa tabarmi uku a inuwar darbejiya. Ban sa su a tsakar rana ba, don ranar Garwa idan ta daki atamfa yini guda sai ta sha mata launi. Autata ta zo ta zauna, ta fara ware ja gefe, shuɗi gefe, kore gefe. Na ce mata a'a, launi daga baya yake zuwa, a fara da jinsin yadi. Ta ce, "Umma, ai idan aka jera da kala ya fi kyau a ido." Gaskiyarta, amma bargo wanki yake sha. Auduga tana tsukewa a wankin farko, yadin roba ba ya tsukewa, to idan kika haɗa su wuri ɗaya, ranar da kika wanke sai ki ga ɗinkin ya tattare kamar fatar tsohuwar jaka. Saboda haka atamfar auduga zalla tulinta daban, shadda daban, leshi da boyel kuwa na fitar da su gaba ɗaya, ba su da ƙarfin da za su riƙe ɗinki.

Akwai waɗanda hannu ba ya iya bambancewa, don yanzu ana yin yadin roba mai kama da auduga sosai. Su sai da ashana. Na zare ɗan bakin ƙyalle na kunna masa wuta a kan murfin kwano. Auduga tana ci da sauri, warinta kamar na takarda, tokarta kuma tana murjewa a yatsa. Roba narkewa take yi ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri. Autata ta ji daɗin wannan aikin har ta karɓe shi daga hannuna, ni dai ina sa ido kada ta ƙona yatsa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na buhu na biyu roba ya fito. Ba zan zubar ba, za su yi cikon matashin kai.

Sai gwajin zuba. Wannan ba na wasa da shi tun abin da ya same ni bara. Na yi wata biyu ina ɗinka wa jikata bargo fari da ja, jan kuwa wani yadi ne da na saya a kasuwa mai shi ya rantse mini ba ya zuba. Wankin farko farin ya koma ruwan hoda, har yau idan na gan shi a kan gadonta sai zuciyata ta sosu. Yanzu duk ja, duk baƙi, duk shuɗi mai duhu, sai na jiƙa shi a ruwan ɗumi tare da farin ƙyalle. Idan farin ya fito fari, ya shiga sahu. Idan ya ɗauki launi, a sake wankewa har ruwan ya washe, wanda ya ƙi kuma ya tafi tulin matashi. Igiyar shanya ta cika har sai da na ara ta maƙwabciyata.

Wajen hantsi na zo kan zannuwan takwas ga Maris, na ɗan daɗe a kansu. Kowace shekara ana fitar da sabon zane na ranar mata, shekarar a rubuce a jikinsa, kuma mace a ƙasar nan tamu ta Kamaru ko ba ta fita fareti tana son ta ce ta yi na bana. Ina da ragowar na shekara bakwai. Abin da ke sa nake ƙaunarsu, da audugar ƙasarmu aka saba yin su. Manomanmu na nan arewa ke noma ta, SODECOTON, wato kamfanin auduga, da hedikwatarta ke garin nan tun 1974 take saye ta gurje, CICAM kuma, kamfanin yadi da aka kafa a 1965, masaƙarta tana nan Garwa, a da a nan ake kaɗa zare a saƙa, a kai Duwala a buga zane. Kawuna ya yi aiki a masaƙar nan har ya tsufa, muna yara yakan dawo da ɓurɓushin auduga a gashin kansa. Waɗannan ban raba su da launi ba, na jera su shekara bi shekara, kuma na ƙudurta idan zan yanka, kowane ɗaya sai na fitar da wurin da shekarar take a rubuce. Bargo guda zan yi da su su kaɗai.

Sauran aikin na girma ne, kuma ya tafi da sauri. Abin da ya kai rabin yadi zuwa sama na goge na naɗe shi a jikin yankakken kwali, yadda masu kanti ke yi, don in na duba in ga kowanne ba sai na birkita tuli ba. Matsakaita na ninke su gida huɗu. Ƙanana kuwa na ajiye su kusa da almakashi, a hankali zan mayar da su murabba'i. Ma'aunina santimita 12 kowane gefe, ɗinki ya ci ɗaya nan ɗaya can, a tashi da 10. Bargon mutum ɗaya mai faɗin 150 da tsawon 200 yana cin guda 300. A nan ne na bar autata ta yi son ranta, ta jera su da launi a cikin kwalayen takalma, daga fari har zuwa baƙi. Wuta ta ɗauke muna tsakiyar guga, na hura gawayi na ci gaba da dutsen guga na da.

Kuskuren da na yi a baya na gane shi yau sarai: leda da ƙasa. Leda tana riƙe laima, yadi ba ya numfashi a cikinta, buhu kuma idan yana zaune a kan siminti jikin bango, gara ba ta da nisa. Na sa yaron maƙwabta ya kawo mini bulo huɗu, muka ɗora katako a kai, muka janye shi taki ɗaya daga bango. Ƙyallayen na zuba su a tsofaffin rigunan matashi, kowace na ɗaura mata ɗan yanki a baki don in san abin da ke ciki. Kafur ba ya yiwuwa a ɗakin nan, ƙirjin Malam ba ya ɗaukar warinsa, don haka busasshen ganyen darbejiya na ƙulla a ƴan ƙyallaye na cusa tsakani, yadda na ga manya suna yi. Daga sama na rufe da tsohon zanen gado saboda ƙurar hunturu da ke tafe.

Bayan azahar babu abin da ya rage sai adakar. Shekara uku ke nan da rasuwar Inna, Allah ya jiƙanta. Da aka raba kayanta, yawanci aka yi sadaka da su, ni na tashi da zane biyar da adakar ƙarfen da ta zo da ita gidan aure. Tun ranar da na rufe ban sake buɗewa ba. Kullum sai in ce sai na sami natsuwa. Na jawo ta bakin ƙofa na zauna ina kallonta, sai ga sallamar Goggo, ƙanwar Inna, ta biyo daga gidan gaisuwa. Ta dube ni ta dubi adakar, ta ajiye mayafinta ta ce, "Buɗe mana, ƴar nan. Ina nan."

Ƙamshinta ne ya fara fitowa, turaren wutar nan da take yi da kanta, ya yi rauni amma yana nan. Ban iya riƙe hawaye ba. Goggo ta bar ni na yi mai isata, sannan ta sa hannu ta fara ɗagowa ɗaya bayan ɗaya.

Na saman lafiya lau. Na biyu, atamfar Holan mai ruwan ganye da take ɗaurawa ranar Juma'a, ta yi ɗigo-ɗigon funfuna a gefe guda. Shaddar da aka sa wa sitaci kyankyaso ya ci bakinta, ashe sitacin ne ke jawo su. Na ƙasan kuwa, wanda ya kwanta a jikin ƙarfe, tsatsa ta kama shi ta yi masa tabo ja, kuma duk inda ninki ya bi zaren ya yi rauni, ina ɗan ja ya yage. Na ce, "Goggo, ni na ɓata su. Na rufe su don kada komai ya taɓa su." Ta ce, "Yayata ba ta taɓa barin zane ya shekara a ninke ba. Duk bayan damina sai ta fitar ta kaɗe ta sauya ninki. Ke ba ki sani ba ne, kina makaranta lokacin." Ba faɗa ta yi mini ba, amma maganar ta shige ni.

Cikin biyar ɗin akwai zanen saƙi mai rinin baba, irin wanda ake saƙawa ƙwarya-ƙwarya siriri a haɗa da allura. Goggo ta ce na kakarmu ne, ita ta ba Inna. Shi ko ɗigo bai yi ba. Wannan almakashi ba zai taɓa shi ba har abada. Muka kaɗe shi, muka naɗe shi kamar tabarma maimakon ninki, muka sa shi cikin farin zanen gado. Adakar kuma na goge tsatsar da toka da tsumma, na bar ta a buɗe ta sha rana, gobe zan shimfiɗa mata zane biyu a ciki kafin komai ya koma.

Sauran huɗun na tambayi Goggo ko ya halatta a gare ni in yanka, don zuciyata tana ja da baya. Ta ce kayana ne, gado ne, kuma da su ruɓe a akwati gara su rufa wani a daren sanyi. Ta ce in na gama in fara kawo mata ta kwana da shi dare ɗaya. Na yi mata alkawari.

Mun auna tare, ita tana riƙe da gefe ina zagaye tabo da alli. Idan aka cire inda ya lalace, mai kyau zai ba da murabba'i 300 har da saura. Holan mai ruwan ganye ita za ta zama tsakiya, shaddar ta zagaye baki. A ciki zan sa siririn bargo da na riga na wanke. Audugar rimi ba ta yi, tana guduwa ta taru wuri ɗaya. Bayansa kuma farin yadin auduga, shi ne kaɗai abin da zan saya, da zare mai ƙarfi ƙwarya uku. Gobe Lahadi kasuwar Pitowa ke ci, amma ba sai na je can ba, babbar kasuwa ta ishe ni ranar Litinin. Ina so in gama kafin tsakiyar Disamba, lokacin da sanyin asuba ke sa yara ƙin tashi.

Goggo ta tafi bayan la'asar, na raka ta har bakin titi ta hau babur. Da na dawo na wanke atamfar da sabulu mai laushi, funfunar ta fita sai ɗan inuwa. Kafin magariba ta bushe. Na goge ta, na ɗora kwalin ma'aunina a kusurwar da ta fi haske, na yi bisimilla na yanka. Hannuna ya ɗan yi rawa a na farko. Autata tana gefe tana karɓa tana ƙirgawa, mun kai 18 aka kira salla.