Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Ranar da Aka Tambayi Mata

Makon jiya na tsaya a inda na dawo gida da takardar NCE, aka ba ni aji huɗu a firamaren garinmu. Yau labarin ruwa zan ba ku. Amma sai na ɗan koma baya, domin wanda bai taɓa shan ruwan kududdufi ba zai yi mamakin yadda rijiya ɗaya ta kusa raba ni da ƙanin mahaifina.

Garinmu yana kudancin Katsina, ƙasar masara da dawa da auduga. Bayan gari akwai wani ƙaton rami inda kakanninmu suka haƙi ƙasar gini. Da damina ya cika, da rani ya koma kore. Nan shanu ke sha, nan ake wanki, nan iyayenmu mata ke ɗiba idan rijiyoyin cikin gida sun ƙafe. Ina ɗan shekara takwas na ga abin da ruwan nan ya yi wa Baba. Kurkunu ya fito masa a ƙafa biyu, daidai lokacin noman farko. Ina tuna shi zaune a zaure, ƙafa a kan turmi, kullum yana naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke, a hankali, don idan ya tsinke a ciki ƙafar ta rube. Gonarmu ta cika da ciyawa yana kallo. Da ba don gayyar da samarin unguwa suka yi mana ba, da shekarar nan bara za mu yi. Daga baya na karanta cewa ƙidayar da aka yi a 1988 ta gano mutum sama da dubu 650 masu kurkunu a Najeriya. Baba ɗaya ne daga cikin irinsu. Cibiyar Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon sun yi ta bin ƙauyuka, aka raba mana ƙyallen tace ruwa, har ciwon ya ƙare, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a 2013. Kurkunu ya tafi, amma kududdufin yana nan, muna sha.

Ba wai ba a taɓa kawo mana ruwa ba. Kusa da makaranta akwai tanki a kan dogayen ƙarafa. Wata safiya ce motoci suka shigo, wani ɗan kwangila ya haƙa burtsatse, ya sa injin dizal, aka yi hoto, suka tafi. Bai tambayi kowa ba, ko Mai Gari sai a bakin yara ya ji. Ruwa ya zo na 'yan watanni. Da man ya ƙare aka rasa wanda zai saya, da wani ƙarfe ya karye aka rasa wanda ya san sunansa. Kowa “ruwan gwamnati” yake ce masa, kowa yana jiran mai shi ya zo ya gyara. Tsuntsaye suka yi sheƙa a tankin.

Shi ya sa lokacin da ma'aikata suka zo daga Katsina a 2010 da zancen wani shirin raya al'umma mai suna CSDP, wanda gwamnati da Bankin Duniya suka soma a 2009, dattawa ba su ko gyara zama ba. Sai da mutanen suka karanto sharuɗɗa aka fara kallon juna. Sun ce ba su zo da aiki a aljihu ba, gari ne zai zauna ya zaɓi abin da yake so. Gari zai kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, ko da kuɗi, ko da yashi da tsakuwa da ƙarfin jiki. Gari zai zaɓi kwamiti, har da mata a ciki, ya buɗe asusu a banki, kuɗin su riƙa shigowa kashi-kashi, ba a sakin na gaba sai an ga rasit ɗin na baya. Wani tsoho ya ce, “To, wa zai riƙe kuɗin?” Suka ce, “Ku.” Wurin ya yi tsit.

Taron maza a gindin durumin ƙofar fada aka yi shi, kuma bai ɗauki lokaci ba. Baffa ya miƙe. Shi ne babban mai sayen hatsi a garin, kuma mutum ne mai iya magana. Ya ce kwalbati muke buƙata a kan rafin da ya yanke hanyarmu. Daga watan Agusta mota ba ta shigowa, buhun masarar da za a kai Dandume ko Funtuwa sai an ɗora wa jaki ko amalanke, kuɗin dako ya cinye ribar manomi. Mai naƙuda ma a kan amalanken ake fita da ita. Ina so mai karatu ya sani, gaskiya Baffa ya faɗa. Ni kaina na ɗaga hannu na goyi bayan kwalbati.

Muna shirin fatiha sai wata ma'aikaciya daga cikin baƙin ta durƙusa gaban Mai Gari.

“Ranka ya daɗe, saura mata.”

Aka yi 'yar dariya. Wani ya ce ai abin da maza suka yanke shi ke nan. Ta ce a yi haƙuri, takardar ba za ta karɓu ba sai an ji bakin mata daban, an ji na samari daban. Mai Gari, Allah ya jiƙansa, ya yi shiru, sannan ya ce a tara su gobe da hantsi a cikin gidansa. Ni aka ce in zauna a soro da littafi, in rubuta abin da za a faɗa.

Ban taɓa jin taro irin wannan ba. Da farko babu mai magana sai kukan goyo. Ma'aikaciyar ta zana da'ira huɗu a ƙasa, hanya, ruwa, asibiti, makaranta, ta ba kowace mace ƙwayar masara ta ce ta ajiye inda zuciyarta take. Sai na ji muryar da ban zata ba. Inna ce. Mahaifiyata mace ce da ko sunana ba ta faɗa, saboda ni ne ɗan fari, ban kuma taɓa jin ta ɗaga murya ko a tsakar gidanmu ba. Daminar nan amai da gudawa ya ratsa Arewa, ya shigo garinmu, ya ɗauki yara, har da ɗan ƙanwata mai shekara biyu, wanda ya cika a cinyar Inna kafin gari ya waye.

Ta ce, “Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su mazan ruwa a buta suke ganinsa. Ba su san daga ina ya fito ba. Mu muka sani. 'Yan matanmu ba sa zuwa makaranta sai rana ta take, suna can layin rijiya. Ni dai na wanke jikana da ruwan da ya kashe shi.”

Alƙalamin ya tsaya a hannuna. Da aka ƙirga masara, da'irar ruwa ta cika har ta zubo. Wata tsohuwa ta ƙara da cewa kada a kawo musu mai inji irin na makaranta, tuƙa-tuƙa suke so, wanda hannu ke tayarwa, wanda in ya lalace yaran gari za su iya buɗe cikinsa. Samari, da aka tambaye su, suka rabu biyu, amma rinjaye ya bi iyayensu mata.

Da daddare Baffa ya aika a kira ni. Na durƙusa a bakin tabarma, bai amsa gaisuwata ba.

“Kai ne mai rubutu ko? Yaushe aka fara tambayar mata yadda za a gyara gari? Karatun da muka biya maka ke nan?”

“Baffa, ku yi haƙuri. Abin da aka faɗa na rubuta.”

“To ka je ka rubuta kwalbati. Wa zai sani?”

Shi ya biya mini kuɗin makaranta bayan rasuwar Baba. Ban taɓa ce masa a'a ba. Na sunkuyar da kai na ce, “Inna za ta sani.” Ya ce in tashi in ba shi wuri. Wata biyu ba ya amsa sallamata, kuma har yau idan na tuna wata biyun nan sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Aka kafa kwamiti. Ni magatakarda, wani dattijo mai gyaran keke shugaba, ma'aji kuwa mata suka tsaya kai da fata sai Gwaggo mai ƙuli-ƙuli. Wasu suka ce ba ta yi boko ba. Matan suka ce shekara nawa tana riƙe musu adashi, ko kwabo bai taɓa ɓata ba. Da ajami take rubuta lissafinta, a banki kuma ta dangwala yatsa. Kuɗi ba ya fita sai mu ukun mun sa hannu. Kowace Juma'a bayan an sauko, nakan jingina allon makaranta a bangon masallaci, in rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin motar da muka shiga zuwa banki. Mutanen da ba su iya karatu ba sukan sa jikokinsu su karanta musu. An taɓa tsare ni a kan naira ɗari biyu da na manta ban rubuta ba, kuma na ji daɗin tsarewar, don ranar na tabbata mutane sun ɗauki kuɗin a matsayin nasu.

Kason namu kuwa, da guminmu muka haɗa shi. Kowane gida mudun masara da kaka. Mata suka ba da kwasar adashi guda. 'Yan garinmu masu acaba a Kaduna da masu dako a Legas suka aiko da nasu. Sauran aka ce a biya da aiki, sai Sarkin Noma ya sa aka buga gangar gayya, wadda rabon da a ji ta tun ina yaro. Samari suka kwaso yashi daga rafi, aka fasa dutse aka yi tsakuwa, 'yan mata na bi da kunu da fura. Na ga tsofaffi suna hawaye saboda kiɗan. Aka kuma zaɓi samari biyu da za a koya wa kwance famfo da canza roba, aka yanke cewa mudun nan na kaka zai ci gaba duk shekara don asusun gyara.

Sai ga wata sabuwa. Ƙasarmu dutse ne a ƙarƙashi, ruwa a tsagar dutsen yake kwanciya, kana iya haƙawa nan ka tarar da ƙura, ka matsa taku hamsin ka samu ruwa. Don haka sai da aka kawo mai auna ƙasa da na'urarsa da wayoyinsa. Ya gwada ƙofar fada, babu. Ya gwada filin kasuwa, babu. Kwana biyu yana kafa ƙarafa yana cirewa. Inda ya tsaya ya dasa turke, garkar Baffa ce, wadda ya gada daga Kaka, inda take shuka kuɓewa da yakuwa.

Babu wanda ya yarda ya je. Shugaba ya ce ni ɗansa ne, in je. Na ce ni ne ma ba zan iya ba. A ƙarshe Liman ya ce in bi shi, in yi shiru.

Bayan sallar isha'i muka same shi. Liman bai ambaci fili ba sam. Ya kawo labarin Sa'adu ɗan Ubada, wanda mahaifiyarsa ta rasu, ya je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaya wace sadaka ce ta fi, aka ce masa ruwa. Sa'adu ya haƙa rijiya ya ce wannan ta mahaifiyar Sa'adu ce. Liman ya shafa fatiha ya nemi takalminsa.

Baffa ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, “Allah gafarta Malam, zauna.” Ya juyo gare ni, karo na farko cikin wata biyu.

“Kai, mai rubutu. Ka zo da littafin?”

“Na zo da shi, Baffa.”

“Rubuta. Na ba da garkar nan sadaka, ladan ya kai ga mahaifiyata. Ka sa Liman da Mai Gari shaida, kada bayan raina wani ɗana ya ce gado ce. Ka kuma rubuta, aikin da zai biyo baya kwalbati ne, ni zan ba da tifa biyar ta dutse.”

Na rubuta hannuna na rawa. Ya karɓi biron ya sa hannu, ya ce in gaida Inna.

Motar haƙa ta iso bayan sati uku, ranar wata Talata, ta kuma kafe a cikin rafin nan da Baffa ya yi ta magana a kai, tun kafin ta ga garin. Yadda muka fito da ita, da abin da ya faru da ƙarfen haƙa ya kai mita talatin babu ko danshi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.