Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Zangon Karatun da Harafin "Sai" Ya Kayar da Ni

A makon jiya na tsaya ne a daidai lokacin da na shiga shekara ta uku a sashen Fiziks na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, ina kwana a gidanmu na Aboabo saboda kuɗin ɗakin kwanan ɗalibai ya fi ƙarfin mahaifina, kullum kuma ina bin torotoro, wato motar haya, zuwa makaranta tun kafin rana ta fito. A wannan zangon ne aka fara koya mana kimiyyar kwantam, wato ilimin halayen ƙananan abubuwa irin su ilektiron da ƙwayar zarra, kuma a cikinsa ne na fara faɗuwa jarrabawa tun da aka sa ni a makaranta.

Ranar farko malaminmu ya zana wani harafin Girkanci mai kama da cokali mai yatsu uku a kan allo, ya ce sunansa "sai". Ni da wani abokina Bahaushe daga Nima ta Akra muka dubi juna muka yi murmushi, domin a harshenmu wannan kalma ce ta sharaɗi, kamar a ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Ba mu san cewa wasan namu ya kusa da gaskiya ba. Malam ya bayyana cewa wannan harafi shi ne lissafin igiya, wanda ke ɗauke da duk abin da za a iya sani game da halin da ilektiron yake ciki, kuma Erwin Schrödinger ɗan ƙasar Ostiriya ne ya fitar da ƙa'idar da ke nuna yadda yake sauyawa a shekarar 1926, bayan Louis de Broglie na Faransa ya kawo ra'ayin cewa ilektiron yana da ɗabi'ar igiya a 1924.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauka ilektiron ɗin ne da kansa ya bazu kamar man shanu a kan tuwo mai zafi. Max Born ya riga ya warware wannan tun a 1926: idan aka ninka girman "sai" da kansa a wani wuri, abin da ya fito yana nuna yiwuwar samun ilektiron a wurin ne idan an auna, kuma idan aka tattara yiwuwar ta ko'ina dole ta cika ɗaya, tunda dai ilektiron ɗin yana wani wuri. Wannan na haddace shi ba wuya. Haka ma misalin ƙwayar da aka kulle a akwati bai ba ni wahala ba, domin na taso ina ganin masu goge a bukukuwan Zango, wato unguwanninmu na Hausawa, na kuma san cewa tsirkiyar da aka ɗaure ta baki biyu ba ta kaɗawa sai a wasu siffofi ƙididdigaggu. Shi ya sa makamashin ƙwayar yake hawa mataki-mataki, na biyu ya ninka na farko sau 4, na uku sau 9.

Inda na yi tuntuɓe shi ne abin da ake kira ofareta. A tunanina na ɗan Zango, ofareta mutum ne mai tuƙa injin niƙa, sai ga shi an ce a nan umarni ne na lissafi da ake zartarwa a kan "sai". Kowane abin da ake iya aunawa yana da nasa. Na matsayi yana cewa a ninka "sai" da wurin da ake magana a kai, na ƙarfin tafiya kuwa yana cewa a nemo gangaren "sai", wato saurin sauyawarsa daga wuri zuwa wuri, sannan a ninka da wata lamba mai ɗauke da ƙididdigar Planck, wato wata 'yar ƙaramar lamba da ba ta canzawa. Idan aka zartar da umarnin, "sai" ya dawo da siffarsa ba abin da ya canza illa an ninka shi da wata lamba, to wannan lambar ita ce sakamakon da awo zai bayar. A jarrabawar tsakiyar zango aka ce mu zartar da waɗannan umarni biyu a jere, sannan mu juya jerin, mu faɗi bambancin. Ni kuwa da gadarar wanda ya san cewa 3 sau 4 daidai yake da 4 sau 3, na rubuta sifili na wuce. Laifina ne, domin malam ya yi gargaɗi a kan wannan fiye da sau ɗaya.

Da yammacin ranar da aka raba takardu na wuce shagon ɗinkin mahaifina kusa da kasuwar Kejetia, na zauna a kan benci ina ta juya takardar. Ya lura da ni, bai ɗaga ƙafa daga keken ba ya ce, "Malam ƙarami, yau boko ya ciji mai shi ne?" Na ce, "Baba, wai aiki biyu ne, in ka fara da wannan ka bi da wancan, amsar daban take da in ka juya su, ni kuma na ce ɗaya ce." Sai ya tsayar da keken, ya ɗago wani yadin shadda ya ce, "To in na yanka wannan sannan na ɗinka, riga za ta fito. Kai kuma ɗinka shi tukuna sannan ka yanka, mu ga wanda zai biya mai kaya."

Misalin Baba bai dace da lissafin ta kowace fuska ba, amma ya cire mini abin da ya toshe mini kai, wato ɗaukar ofareta tamkar lamba alhali aiki ne. A daren nan na sake lissafin a hankali da fitilar caji, na ga cewa neman gangaren abin da aka riga aka ninka yana haifar da wani ƙarin yanki da ba ya fitowa idan aka juya jerin. Bambancin bai zama sifili ba, ya tsaya a kan ƙididdigar Planck, wadda ƙanƙantarta ta sa ba ma ganin tasirinta a kan ƙwallo ko mota. Daga wannan ragowar ne ƙa'idar rashin tabbas da Werner Heisenberg ya bayyana a 1927 take fitowa: babu halin da ilektiron zai kasance a ciki wanda matsayinsa da ƙarfin tafiyarsa duka biyu za su zama tabbatattu a lokaci guda, kuma wannan ba gazawar na'urar awo ba ce.

Washegari na kai wa malam lissafin a ofishinsa. Ya duba, ya gyara mini alamar ragi ɗaya da na yar a hanya, ya ce makin da ya wuce ya wuce, amma yana neman wanda zai riƙa jagorantar bitar 'yan ajinmu a ranakun Asabar. Yadda na karɓi wannan aiki, da rigimar da ta biyo baya da mahaifiyata a kan wanda zai riƙa kai mata kokon sayarwa bakin titi da safiyar Asabar, shi zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.