Kabari ɗaya tak a maƙabartar cocin Eyam

Daga Sheffield na hau bas ana yayyafi, hanya sai hawa da gangara, tumaki dama da hagu. Da na ce wa direba Iyam za ni, sai ya yi murmushi. Ashe "Iim" mutanen wurin suke cewa.

Cocin St Lawrence yana tsakiyar ƙauyen, a gundumar Derbyshire ta Ingila. A harabarsa akwai wani gicciyen dutse da ya girmi ginin da ɗaruruwan shekaru, gansakuka ta cike zanen jikinsa. Ban daɗe a wurinsa ba, don kaburburan mutanen annoba na zo nema.

A shekarar 1665 aka aiko wa telan ƙauyen ƙunshin yadi daga Landan, ashe da ƙuma masu ɗauke da cutar a ciki. George Viccars, mai taya shi aiki, shi ya fara rasuwa a watan Satumba. Da abu ya ta'azzara a 1666, limamin cocin, William Mompesson, tare da tsohon limami Thomas Stanley, suka shawo kan jama'a cewa ba shiga ba fita. Maƙwabta kan ajiye musu abinci a bakin iyaka, su kuma su bar kuɗi cikin ramukan dutse da aka cika da ruwan khal. Cikin wata 14, mutum kimanin 260 suka mutu.

Na zagaya maƙabartar sau biyu, takalmina ya jiƙe sharkaf, kabari ɗaya kawai na samu na wancan lokacin: na Catherine, matar Mompesson, wadda ta ƙi barin mijinta, ta rasu a Agusta 1666. Wata dattijuwa da ke gyaran furanni a cikin cocin ce ta warware mini. An hana kawo gawa nan, kowane gida shi ke binne nasa, a lambu ko a gona.

Ana yawan yabon limaman nan biyu, kuma sun cancanta. Ni dai hankalina ya fi tafiya ga Elizabeth Hancock. Na taka zuwa bayan gari, wurin da ake kira Riley, inda ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas, ita ce mai haƙa, ita ce mai jan gawa. 'Yar katanga ce ta kewaye duwatsun a tsakiyar fili. Na tsuguna ina ƙoƙarin karanta sunayen, ruwa yana gangarowa cikin haruffan.