Kwas ɗin da na raina shi yake ciyar da ni

Ƙannena masu karatun lauya, musamman 'yan aji uku, ku matso ku ji. Lokacin da nake jami'a ba abin da ke kaina sai shari'ar manyan laifuka, ina hango kaina a kotu da baƙar riga ina ta zuba turanci. Komashal lo kuwa, wato dokar kasuwanci, na ɗauke shi kayan lauyoyin Legas ne, masu kwana a ofis ba sa ganin 'ya'yansu sai ran Lahadi, na ce ni ba da ni ba. Lakca sai na ga dama, littafin kuma ban buɗe shi ba sai ana saura sati biyu jarrabawa.

Sati biyun nan ne suka ja min. Kofi da goro, barci awa uku, abinci sai indomi wajen mai shayi ƙarfe ɗayan dare, na haddace dokar sayar da kaya ta 1893 kamar karatun aku, na juye a takarda na fito da C, bayan sati ɗaya ko sashe ɗaya ban riƙe ba. Olsa ce kawai ta zauna, har yau da maganinta nake yawo a jaka.

To ranar da na fara zama a cemba, wato ofishin lauyoyi, wa ya fara shigo min? Ba mai kisa ba ne, wani ɗan adaidaita sahu ne, da takardar haya fachas, wato sayen kaya ana biya kaɗan-kaɗan, duk ta yi maiƙo a aljihu, ya biya kusan duka kuɗin ya yi lattin sati uku mai mashin ya aiko an ƙwace. Ya ce barista ya zan yi, wallahi na yi tsuru-tsuru. Sai da ogana ya tuna min dokar haya fachas ta 1965, cewa abin hawa in an biya kashi uku cikin biyar na kuɗinsa, mai shi ba ya ƙwacewa da hannunsa sai ya bi ta kotu. Abin da aka koyar ranar da nake hostel ina barci.

Daga nan sai 'yan Kantin Kwari, rigimar dillali da ubangidansa, masu son rajistar kamfani a hukumar rajistar kamfanoni CAC tunda dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ma ya buɗe ƙaramin kamfani. Kuma yawanci kafin magariba ina gida.

Ku shiga lakcar nan, ko shafi biyar ne ku karanta kullum, sha ɗaya ta yi ku kashe fitila. In an yi hutu ku roƙi wani ɗan kasuwa a unguwarku ya nuna muku takardar yarjejeniya ta gaske ku karanta.